Itatuwan Bolori da Suka Shige Cikin Gida

A makarantar mishan da na yi a kan duwatsun kudancin Borno, akwai wani gwangwani da aka kafa a kan turke a bayan aji, na auna ruwan sama. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, sai a tura ɗalibi ya duba inda ruwan ya tsaya, ya dawo ya faɗa a gaban aji. Malaminmu na lissafi ba ya karɓar "kamar", ba ya karɓar "wajen". Wanda ya furta ɗaya daga cikinsu zai koma bakin turken ya sake dubawa, ko da ana yayyafi. Daga wurinsa na ɗauki ƙa'idar da na yi aikin koyarwa da ita har na ajiye alli, cewa abin da ido bai gani ba, alƙalami ba ya rubuta shi.

Na zo Maiduguri ina saurayin malami, na tarar da gari mai inuwa. A wancan zamani mutum yana iya tafiya daga gida zuwa makaranta a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba sai inda zai tsallaka titi. Na yi ritaya ina hedimasta, na zauna a gidan da na gina a Bolori. A shekarun tashin hankali jama'a suka cika gari, fita daji neman itacen girki ta gagara, gatari ya juyo kan itatuwan unguwa. Ban ga laifin kowa ba, domin tukunya ba ta jiran zaman lafiya. Amma layinmu ya koma fili, kuma idan bazara ta kama, ko inuwar da mai gyaran takalmi zai raɓe babu.

Saboda haka da ofishin gwamnati mai kula da muhalli ya ba da sanarwar raba dashe ga unguwanni, ni ne na fara isa ƙofar Bulama, wato mai unguwarmu. Shi kuwa, da yake ya san halina, nan take ya ɗora mini shugabancin kwamiti. Aka kawo dashen dogon yaro da na mangwaro mai aure a cikin baƙaƙen ledoji, tare da umarni a rubuce cewa a dasa a bakin hanya, ɗaya a gaban kowane gida. Na ɗauki igiya da awo, na bi layi layi, na tabbatar babu ramin da ya karkace. Na tara magidanta na yi musu jawabi a kan ban ruwa da shinge. An gaya mini daga baya cewa jawabin ya yi tsawo, kuma wasu daga cikinsu, da yake tsofaffin ɗalibaina ne, sun zauna a miƙe kamar ana shirin duba farce.

Nawa dashen mangwaro ne. Na kewaye shi da ƙaya, akuya ta ture. Na kewaye shi da tubali, ta hau tubalin ta ci ta sama. Kafin bazarar farko ta ƙare ya zama sanda. Na sauran gidaje ma ban ga sun daɗe ba, domin tun a makonnin farko ramukan suka fara zama wayam, yau wannan, gobe wancan. Na ɗora alhakin a kan awaki da yara, na yi fushina ni kaɗai. Damina biyu ina bin layin nan kaina a sunkuye, ina kallon ramukan da na auna da hannuna suna cika da yashi da leda.

Ana nan sai na ji a labaran rediyo na rana cewa ofishin ya fitar da rahoto a kan yadda shirin ya gudana. Washegari na je na karɓo kwafi. Dole in faɗi gaskiya, ina son rahoton gwamnati tun asali. Ina son jadawalin da aka ja layinsa daidai, kowace unguwa da gurbinta, abin da aka raba a hagu, abin da ya rayu a dama. Ƙasar da ta san yawan abin da take da shi ta san inda za ta sa ƙafa. Na bi jadawalin da yatsa har na iso Bolori, na tarar an rubuta cewa kusan duk dashenmu ya mutu. A ƙarƙashin wannan akwai shawara, cewa unguwannin da suka gaza za a cire su daga rabon damina mai zuwa, a ba waɗanda suka nuna kulawa. Za a tabbatar da shawarar a wani zama da za a yi kafin ruwa ya sauka.

Ban yi jayayya da ko kalma ɗaya ba, tun da abin da suka rubuta shi idona ya gani. Abin da ya dame ni shi ne, a shekaruna, idan aka tsallake Bolori a wannan karo, ba lalle ne in ga wani rabon ba.

Uwargidana ungozoma ce da ta yi ritaya. Duk unguwar ana kiranta Mama Sista, kuma da wuya ka sami gidan da ba ta shiga ta karɓi haihuwa ba. Muna cin abincin rana na karanta mata sashen da ya shafe mu, a hankali, kamar mai karanta sakamakon jarrabawar ajin da ya faɗi. Ta saurara har na gama, ta ajiye cokali, sai na ga kafaɗunta suna rawa don dariya.

Ta ce, "Hedimasta, waɗanne itatuwan ne suka mutu? Naka dai na san ya mutu."

Na ce ta yi mini bayani, kuma ta yi shi daki-daki. Ta ce tun a makon da aka dasa, matan unguwa suka duba al'amarin suka ga ba mai yiwuwa ba ne. Ruwa a Bolori daga masu tura shi a amalanke ake samu, kuma babu macen da za ta ɗauki irin wannan ruwa ta fita titi ta zuba a rami, sannan akuyar maƙwabta ta zo ta cinye abin da ya tsiro. Sai suka riƙa tono dashen da ƙasarsa, suna shigar da shi cikin gida. Kowace ta dasa nata a inda ake wanke-wanke, ko a gefen da maigida yake alwala, inda ruwa yake zuba kullum ko an so ko ba a so ba. Na tambaye ta dalilin da ya sa ba a sanar da shugaban kwamiti ba. Ta ce shugaban kwamitin ya yi jawabi cewa bakin hanya aka ce, kuma babu matar da take marmarin jin jawabi na biyu.

Ban ƙarasa abincin ba. Na sa hula na fita cikin tsakar rana, na tsaya a tsakiyar layi, na yi abin da ban yi ba tsawon damina biyu, wato na ɗaga kai. Ga su nan. Ta saman katangar gidan tela wani kore yana leƙowa. A gidan da ke kusa da shi ma haka. Can gaba, bayan gidan mai sayar da gawayi, dogon yaro ya riga ya wuce kwanon ɗaki. Na yi tafiya har ƙarshen layi na dawo, na shiga na gaba. Wani mai shago ya fito ya tambaye ni ko lafiya, domin bai taɓa ganina ina sauri ba, balle ina murmushi a kan titi. Na ce masa lafiya ƙalau, ya koma ya kula da shagonsa.

Daga nan ƙofar Bulama na nufa. Ya tarbe ni da wushe-wushe, gaisuwarsu ta Barebari, ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya saurari labarina da fuskar mutumin da ake ba shi labarin gidansa. Ya ce nasa ma yana ciki, har an fara shanya a jikinsa, kuma duk unguwar an san da maganar in ban da ni. Shawararsa ita ce mu je ofishin mu ce duka suna raye, a wuce wurin. Na ƙi. Na ce masa gani ya kori ji, kuma ba za mu gyara lissafin da ba daidai ba da wani lissafin da ba mu tabbatar ba. Ya yi dariya ya ce ya san haka zan ce, shi dai ya gwada sa'arsa ne.

Babban jami'in ofishin mutum ne mai natsuwa, kuma bai ɓoye mana komai ba. Ya bayyana yadda aka yi ƙirgen. Ma'aikata sun bi layi a mota, sun tsaya a kowane ramin da aka yi wa alama ranar dashe. Inda suka ga itace sun rubuta yana raye, inda suka ga rami sun rubuta ya mutu. Ya ce manufar shirin inuwar titi ce, kuma jadawalinsa ba shi da gurbin itacen cikin gida. Na ce masa wannan tambayoyi biyu ne aka haɗa, ya kamata a raba su. Ko itacen yana inda gwamnati take so, wannan magana ce ta manufa, kuma ofishin ne zai yanke. Amma ko yana raye ko ya mutu, wannan magana ce ta ƙirge, kuma itacen da yake fitar da ganye ba a rubuta shi a gurbin matattu. Na ƙara da cewa idan abin da ya faru a Bolori ya faru a Bulabulin da Tsohuwar Maiduguri, to ofishin ya fi samun nasara a kan yadda ya faɗa wa jama'a a rediyo. A nan na ga ya gyara zama.

Ya ce ya yarda a sake ƙirge kafin zaman yanke shawara, sai dai ma'aikatansa na fita maza ne, kuma kowa ya san gidajen nan ba a shiga. Magidanta suna kasuwa da wuraren aiki tun safe, babu wanda zai yi wa baƙo iso. Ya yi ɗan tunani, sannan ya aika aka kira wata ma'aikaciya da ta karanci aikin gandun daji, wadda aka ajiye a kan tebur tana tattara abin da wasu suka ƙirgo. Da ta ji aikin, fuskarta ta washe. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, cewa shugaban kwamitin unguwa zai sa hannu a kan sabon sakamakon.

Wannan sharaɗi ya tsaya mini a rai har muka iso gida. Ni ma namiji ne, ba zan shiga ba, kuma ban taɓa sa hannu a kan abin da ban gani ba. Na faɗa wa uwargida damuwata. Ta ce in dai gani nake so, in tanadi lema da idona, sauran in bar mata.

Ranar ƙirgen muka fara da hantsi. Ita da ma'aikaciyar suka yi sallama suka shige gidan farko, ni da Bulama muka tsaya a waje a ƙarƙashin lema ɗaya. Muna jin gaisuwa ta cikin katanga, Hausa da Barbarci a haɗe, da tambayar yara da jikoki, har na fara duba agogo. Sai na ji muryar uwargida.

"Hedimasta, kana kallo?"

Na ce ina kallo. Sai kan wani mangwaro da ke leƙowa ta saman katanga ya fara rawa, hagu da dama, alhali babu iska ko kaɗan. Ta kama gindinsa ne tana girgizawa. Ma'aikaciyar ta ɗaga murya ta ce mai aure ne, ta ga tabon haɗin a ƙasa, girmansa kuma ya yi daidai da lokacin da aka raba. Na ce na gani, a rubuta.

Haka muka bi layin. A kowane gida sai in tsaya in zuba wa katanga ido, in jira. Wani lokaci dogon yaro ne zai kaɗa kai, busassun ganye su zubo mana a kan lema. Wani lokaci itacen bai kai tsayin katanga ba, sai a tanƙwaro reshe ta bakin zaure, in ga ganyen a jikin reshensa, in taɓa. Kafin mu kai tsakiyar unguwa labari ya riga mu. Matan gidajen gaba ba su jira a iso gare su ba, kowace ta kama nata. Na ɗaga ido na ga layi guda, daga nan har inda ido ya tsaya, itatuwa suna ta rawa a bayan katangu, ana ta shewa daga ciki. Na yi shekaru da yawa ina tsayawa a gaban taron ɗalibai da safe, amma ban taɓa ganin amsa kiran suna da ya faranta mini rai kamar wannan ba. Bulama ya ce in riƙe lemar da kyau, tun da ni ma na fara girgiza ta.

Dole na tsawatar, duk da haka. Na aika a gaya musu cewa a bi tsari, gida ɗaya bayan ɗaya, domin itacen da ya yi rawa kafin ma'aikaciya ta duba gindinsa ba zai shiga lissafi ba. Aka dawo mini da amsa cewa an ji, kuma ana gaida Hedimasta da ƙoƙari.

Gida ɗaya ne na shiga. Na wata dattijuwa Babarbariya ne, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, tana zaune da 'yarta. Ta dogara sanda ta fito zaure da kanta, ta dube ni daga hula har takalmi.

Ta ce, "Malam, kai da ni wa zai yi wa wani kulle? Shigo ka ga abinka, kada rana ta ƙarasa ka a ƙofar gidana a ce ni ce."

Na cire takalmi na bi ta. A kusurwar tsakar gidan, kusa da randa da tulin tukwane, mangwaron yana tsaye, ganyensa kore shar, ƙasar gindinsa a jiƙe. An kewaye shi da fasassun tukwane. A can cikin ganye na hango 'ya'ya ƙanana, ba su fi ƙwan zabo ba. Ta ce ruwa ɗaya yake yi mata aiki biyu, ya wanke shinkafa ya shayar da itace, amma ruwan sabulu ba ta bari ya je wurin. Ta ce tun washegarin dashe ta sa aka tono shi, tana jin muryata daga ƙofar Bulama ina ta bayani a kan shinge. Na dafa gindin itacen. Na tuna ramin da na auna masa a waje, na ga bai yi kewarsa ba.

Ba duka ne suka rayu ba, kuma ban bari a ɓoye wannan ba. A wasu gidajen ruwan wanki mai sabulu ya ƙone saiwar. A wani gidan an yi sabon ɗaki a kan wurin. Duk inda aka fito aka ce babu, sai in ce a rubuta babu. Da muka iso ƙofar gidana, ma'aikaciyar ta dubi tubalin da ke kewaye da busasshiyar sanda, ta dube ni, ta rasa yadda za ta yi tambayar. Bulama ya ce a tsallake, ai gidan shugaba ne. Uwargida ta ce idan ana so ta girgiza sandar, a shirye take.

Na ce, "'Yata, rubuta. An dasa a bakin hanya bisa umarni, ya mutu."

Ta rubuta. Da yamma ta tattara sakamakon, na bi shi layi layi, na gwada da abin da na gani, na sa hannu.

Ban halarci zaman ofishin ba, domin ba a gayyaci kwamitocin unguwa ba, kuma kwanakin jiran sun yi mini nauyi. Bulama ne ya zo da kansa wata safiya, riƙe da sabon kwafin rahoton. An ƙara gurbi na uku a jadawalin, na itatuwan da aka mayar cikin gida suna raye. An cire Bolori daga jerin unguwannin da suka gaza. A ƙarshen sashen an rubuta cewa za a sake ƙirge irin wannan a sauran unguwanni, mata ma'aikata ne za su yi, kuma a rabo mai zuwa za a tambayi kowane gida inda yake so ya dasa. Na karanta sashen a tsaye, sannan na zauna na sake karanta wa uwargida shi da ƙarfi. A wannan karon ba ta yi dariya ba sai da na kai ƙarshe.

Da ruwan farko ya sauka, motar dashe ta tsaya a ƙofar Bulama. Mata suka aiko da saƙon irin da suke so, yawancinsu mangwaro. Da aka zo kaina, ma'aikaciyar ta tambaye ni ciki ko waje. Uwargida ta riga ta share wuri kusa da inda take wanke-wanke. Na ce waje. Na bayyana cewa gidajen unguwa sun sami inuwarsu, amma mai tafiya a titi har yanzu bai samu ba, kuma ya kamata motar ƙirge ta tarar da wani abu a Bolori idan ta biyo. Uwargida ta ce awakin unguwa za su yi mini addu'a.

Dogon yaro na karɓa a wannan karon. Na ɗaga tubalin ya kai ƙirjina, na rufe samansa da waya. Kowace safiya uwargida tana tara mini ruwan wankin shinkafa da na ɗaurayar kwanuka a bokiti, ni kuwa in ɗauka in fita da shi ƙofar gida, masu wucewa suna gaishe ni da aiki. Akuyar nan tana zuwa ta tsaya ta duba. A makon jiya sabon toho ya leƙo ta cikin wayar, sai na ƙara tubali layi ɗaya.